Idan gwamna ya auna aikin majalisar dokokin jiha: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda zangon majalisar dokokin jiha ya zo ƙarshe, ko gwamna ya cika shekara a kan mulki, sai a ji ya tashi yana lissafa abin da 'yan majalisa suka yi da abin da suka kasa. Wani lokaci yabo ne har da tafi, wani lokaci kuma habaici ne da gugar zana. Washegari gidajen rediyo su ɗauka, muhawara ta ɓarke. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi dawowa a bakin masu bibiyar irin wannan jawabi. Akasarin misalan daga Najeriya ne, sai kuma Amurka, inda aka kwaikwayo tsarin gwamna da majalisa mai zaman kanta.

Wai gwamna yana da hurumin yanke wa majalisa hukunci?

Yana da hurumin faɗin ra'ayinsa, iyakarsa ke nan. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba majalisar jiha ikon yin doka a sashe na 4, ya ba gwamna ikon zartarwa a sashe na 5, bai kuma ɗora ɗaya a kan ɗaya ba. Sashe na 108 ya yarda gwamna ya shiga zauren majalisa ya yi jawabi a kan al'amuran jiha ko manufofin gwamnatinsa. Babu inda aka ce shi ne hedimasta, 'yan majalisa kuma ɗalibai masu jiran sakamakon jarrabawa.

Hasali ma, a dokance majalisa ce aka ba aikin bincikar gwamnati. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken yadda ake aiwatar da dokoki da kashe kuɗin da ta amince da su, don bankaɗo cin hanci, sakaci ko almubazzaranci. Saboda haka idan gwamna ya ba majalisa maki, wanda ake sa wa ido ne yake faɗin yadda yake ganin masu sa masa ido. Wannan ba ya nufin ƙarya yake yi. Yana dai nufin a saurare shi kamar yadda alƙali ke sauraron ɓangare ɗaya kafin ɗaya ɓangaren ya buɗe baki.

A wane lokaci ake yin irin wannan jawabi?

A Najeriya an fi jin sa ranar gabatar da kasafin kuɗi, ranar rattaba hannu a kan wata babbar doka, ranar 29 ga Mayu da yawancin gwamnoni ke cika shekara, ko a zaman bankwana idan wa'adin shekara huɗu na majalisa ya ƙare. A Amurka gwamnoni kan yi jawabin halin da jiha ke ciki a farkon shekara, sannan su fitar da sanarwa bayan an rufe zango, su faɗi abin da ya wuce da abin da ya maƙale.

Lokacin yana da tasiri a kan abin da za a ji. Gwamnan da ya kawo kasafi yana roƙon a amince masa ba zai zagi masu amincewar ba. Wanda zaɓe ya ƙarato masa, majalisa kuma tana hannun 'yan adawa, yana bukatar wanda zai ɗora wa laifin alkawuran da ba a cika ba.

Me gwamnoni suka fi lissafawa a matsayin nasarar majalisa?

Jerin ba ya cika canzawa: an amince da kasafi kafin ƙarshen Disamba, an tantance kwamishinoni ba tare da ɓata lokaci ba, an amince da ciyo bashi, an zartar da ƙudurori kaza, an kuma zauna lafiya da ɓangaren zartarwa. Duk wanda ya duba jerin da kyau zai ga kusan kowanne abu ne da gwamnan ya nema da kansa. Wato nasarar majalisa a bakinsa ita ce yawan buƙatunsa da ta biya.

Wanda ya taɓa kallon ranar gabatar da kasafi ya san yadda abin yake. Zaure ya cika da kwamishinoni da 'yan jam'iyya, gwamna ya karanta jawabi mai tsawo, ya ɗauki kundin kasafin a cikin akwati mai ado ya ajiye a gaban sandar majalisa, ya ɗan rusuna. Kakaki ya miƙe ya yi godiya, ya yi alkawarin za a gama aiki a kai cikin hanzari. A yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Tun ba a buɗe shafin farko ba an riga an yi alkawarin sauri, kuma wannan saurin ne za a dawo a yaba bayan 'yan makonni. Abin da ya kamata a duba a cikin kasafin yana cikin amsar da ta yi magana a kan kasafi a ƙasa.

Yawan dokokin da aka zartar ba shi ne ma'aunin ƙwazo ba?

Ma'auni ne mai sauƙin faɗa, mai sauƙin yaudara. Idan aka ce majalisa ta yi dokoki hamsin, sai a tambaya nawa ne suka fito daga gidan gwamnati a rubuce, nawa ne 'yan majalisa suka kawo da kansu. Nawa ne gyaran kalma ɗaya ko sauya wa makaranta suna? Nawa ne suka kafa sabuwar hukuma wadda har yau ba ta da ofis, ba ta da ko sisi a kasafi? Dokar da ba a ware wa kuɗi ba tana nan a takarda kawai, amma a lissafin ƙarshen zango ana ƙirga ta daidai da wadda ta canza rayuwar mutane.

Wata doka ɗaya kan fi ashirin nauyi. A Nuwamban 2019 majalisar Zamfara ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni da mataimakansu, bayan wasiƙar da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta yana neman a biya shi naira miliyan 10 na wata-wata ta fito fili, Gwamna Bello Matawalle kuma ya sa hannu. Ko da siyasa a ciki, soke dokar ya taɓa baitulmali kai tsaye. Kuma kada a manta, irin wannan dokar fansho, wadda Legas ta yi tun 2007 wasu jihohi suka biyo baya, majalisu ne suka zartar da ita, kuma a lokacin an ƙirga ta cikin ayyukansu.

Kalmar "majalisar da ba ta tsinana komai ba" ma tana da tarihi. Da ita shugaban Amurka Harry Truman ya yi yaƙin neman zaɓe a 1948, yana sukar majalisar tarayya da 'yan jam'iyyar Republican ke jagoranta, ya kuma ci zaɓensa. Amma wannan majalisar ce ta amince da shirin Marshall na sake gina Turai bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da ta ƙi yi shi ne abin da Truman ke so a cikin gida.

Idan gwamna ya yabi majalisa da "haɗin kai", ba abin farin ciki ba ne?

Ya danganta da abin da aka haɗa kai a kai. Babu mai son jiharsa ta zama fagen dambe, albashi ya tsaya saboda manya suna faɗa. Akwai haɗin kai na gaskiya, inda ake kai ƙuduri kwamiti, a kira jama'a a ji ra'ayinsu, a yi gyara, gwamna ya karɓi gyaran ko da bai so ba. Akwai kuma wanda Hausawa suka riga suka raɗa wa suna: 'yan amshin Shata. A jawabin gwamna duka biyun sunansu ɗaya. Ni dai a ganina, duk jawabin da ya yabi majalisa shekara huɗu cur bai ambaci wuri ko ɗaya da suka saɓa ba, ya faɗi gazawarta ne ba tare da ya sani ba.

Sauri shi ne alamar da ta fi saurin tona asiri. A watan Mayun 2019 majalisar Kano ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu. A ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar Kanon, a ƙarƙashin wata jam'iyyar, ta soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rattaba hannu a ranar. Ba sai mutum ya ɗauki ɓangare a rikicin masarauta ba kafin ya lura cewa majalisu biyu sun yi ayyuka biyu masu karo da juna, kowacce cikin gaggawa, kowacce daidai da muradin gwamnan lokacinta, kuma kowane gwamna ya ga abin a matsayin nasara.

Haka batun tantance kwamishinoni a ƙarƙashin sashe na 192. Al'adar "rusuna ka wuce", inda ake sallamar tsohon ɗan majalisa ko wani babba ba tare da tambaya ko ɗaya ba, tana sa a gama tantance mutum ashirin a wuni guda. Gwamna zai kira wannan ƙwazo. Mutumin da za a miƙa wa ma'aikatar lafiya ko ta ilimi kuwa ya wuce ba a ji ko jimla ɗaya daga bakinsa a kan aikin ba.

To idan ya zarge su da jan ƙafa ko zagon ƙasa fa?

Nan ma a tambaya: me aka riƙe, kuma don me? Wani jinkirin aikin majalisa ne na halal, kamar a ce ba za a amince da sabon bashi ba sai an kawo bayanin yadda aka kashe na baya. Wani kuma ciniki ne tsagwaronsa, a riƙe ƙuduri har sai an biya alawus ko an sayo motoci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kowace majalisa mai taurin kai ce ke kare talaka ba, kuma akwai gwamnonin da kukansu gaskiya ne.

Misalin da aka fi tunawa a Arewa shi ne na tsohuwar jihar Kaduna a jamhuriya ta biyu. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci gwamna a 1979 a jam'iyyar PRP, majalisa kuma tana hannun NPN. Sun ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki babu majalisar zartarwa, har suka tsige shi a ranar 23 ga Yunin 1981, ya zama gwamnan farko da aka tsige a tarihin ƙasar. Da za a tambayi Balarabe ya auna waccan majalisar, da ya ce zagon ƙasa kawai ta yi. Da za a tambaye su, da sun ce shi ne ya ƙi sulhu. Har yau masu tarihi da 'yan siyasa ba su gama wannan gardamar ba, ko da yake mutane da yawa suna ganin an zalunce shi.

A batun kasafin kuɗi, me ya kamata a duba?

Ranar da aka amince da shi ita ce mafi ƙarancin muhimmanci, ko da yake ita aka fi yayatawa. Ko kasafi ya makara gwamnati ba ta tsayawa nan take, domin sashe na 122 ya yarda gwamna ya ci gaba da kashe kuɗi har wata shida gwargwadon abin da aka ware a bara. Abin dubawa shi ne bambanci tsakanin abin da gwamna ya kawo da abin da majalisa ta mayar masa. Idan ba a taɓa komai ba, ba a yi aiki ba. Idan abin da aka ƙara kawai shi ne kason majalisar kanta, an yi aiki amma ba na jama'a ba.

Sai kuma abin da ke biyo baya, wanda kusan ba a taɓa jin sa a jawabin gwamna. Sashe na 125 ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa, kwamitin kula da asusun gwamnati kuma ya duba shi. A cikin wannan rahoton ake ganin kuɗin da aka fitar babu takarda, da kwangilar da aka biya ba a yi ba. Majalisar da ta amince da kasafi cikin mako biyu amma ta bar rahoton odita na shekara uku yana shan ƙura, ta yi rabin aikin da ke faranta wa gwamna rai ta bar rabin da ke ɓata masa. A lura kuma da ƙwarya-ƙwaryar kasafi da ake kawowa a ƙarshen shekara, domin wani lokaci kuɗin an riga an kashe, amincewar majalisa wanke hannu ce kawai.

Majalisar da ke jiran kuɗi daga gwamna, ta yaya za ta sa masa ido?

Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin duk sauran. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekaru da yawa majalisun jihohin Najeriya sai sun rubuta wa gidan gwamnati takarda kafin su samu kuɗin zaman kwamiti ko na man motar zuwa duba aiki. Abin mamaki, a gyaran tsarin mulki na 2010 an kawo musu batun 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, amma ba a samu majalisu 24 da ake bukata daga cikin 36 da suka amince ba. Wato an miƙa musu mabuɗi suka mayar.

An sake dawowa da batun, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran sashe na 121 a 2018. Gwamnoni suka yi biris. A Mayun 2020 ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 don a riƙa cire kuɗin daga tushe, gwamnoni suka garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022. A tsakani, ma'aikatan majalisu sun yi dogon yajin aiki a 2021 a kan wannan batu. A Maris na 2023 aka sake wani gyaran da ya ƙara fayyace yadda za a riƙa biyan majalisu da ɓangaren shari'a. Duk da haka aiwatarwa ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Saboda haka idan gwamna ya ce majalisa ta gaza wajen sa ido a kan ma'aikatu, ya dace a tambaye shi ko ya sakar mata kuɗinta cikakke kuma a kan lokaci.

Ba Najeriya kaɗai ake matsa wa majalisa ta aljihu ba. A 2017 gwamnan Minnesota a Amurka, Mark Dayton, ya soke kason kuɗin gudanar da majalisar jiharsa daga kasafi don ya tilasta mata komawa teburin tattaunawa, kotun ƙolin jihar kuma ta ce yana da ikon yin hakan.

Me ke faruwa da ƙudurorin da gwamna ya ƙi sa wa hannu?

Sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana cewa ya ƙi. Idan ya hau kujerar na-ƙi, majalisa za ta iya sake zartar da ƙudurin da rinjayen kashi biyu bisa uku, ya zama doka ba tare da hannunsa ba. A aikace ba kasafai majalisun jihohi ke yin hakan ba. Abin da aka fi gani shi ne ƙuduri ya tafi gidan gwamnati ya kwanta a durowa, babu amsa, babu mai tambaya, har zango ya ƙare ya mutu. Laifi tudu ne: gwamnan da ke ƙorafin majalisa ba ta yi dokoki masu amfani ba, a tambaye shi nawa ne ke kan teburinsa suna jiran biro.

A Amurka ƙarfin wannan makami ya bambanta ƙwarai. A jihohi irin su Kentaki da Alabama rinjaye mai sauƙi na 'yan majalisa ya isa ya ture ƙin amincewar gwamna, don haka sukarsa ba ta cika tsorata kowa ba. Gwamnan Karolaina ta Arewa bai ma samu ikon ƙin sa hannu ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1996. A Wiskonsin kuwa gwamna yana iya goge wasu sassa na dokar kasafi ya bar sauran. A 2023 Gwamna Tony Evers ya goge wasu lambobi da ɗan layin da ke tsakaninsu, ƙarin kuɗin makarantu da aka tsara zai ƙare a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ya koma har shekarar 2425, kotun ƙolin jihar kuma ta tabbatar masa a 2025. Gwamna mai irin wannan alƙalami, maganarsa a kan majalisa tana da haƙora.

Kwana nawa ya kamata 'yan majalisa su zauna, kuma ana iya auna su da wannan?

A Najeriya sashe na 104 ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Wannan ma'auni ne da ba ya bukatar ra'ayin kowa, ƙirge ne kawai, kuma majalisar da ke tafiya hutu bayan hutu tana saɓa masa. Girman majalisun ma a ƙayyade yake, daga kujera 24 kamar Zamfara da Yobe zuwa 40 kamar Kano da Legas, don haka ba wuya a san wanda ke zuwa da wanda ba a ganin ƙeyarsa sai ranar kasafi.

Amma yawan kwana ba ya nuna inganci shi kaɗai. Majalisar jihar Teksas a Amurka sau ɗaya take zama a shekara biyu, na tsawon kwana 140. Idan gwamna ya ga an bar wani abu da yake so, yana da ikon kiran zama na musamman na kwana 30, shi ne kuma zai tsara abin da za a tattauna. A can, idan gwamna ya lissafa gazawar majalisa a ƙarshen zango, sau da yawa sanarwa ce cewa za a dawo da su aiki.

Majalisa za ta iya mayar da martani?

Za ta iya, kuma tana da hanyoyi da yawa kafin a kai ga na ƙarshe. Kakaki ko shugaban masu rinjaye zai iya kiran taron manema labarai. Za a iya gayyato kwamishina ya yi bayani a zaure, sashe na 129 ma ya ba majalisa ikon sa a kamo wanda ya ƙi amsa sammaci. Za a iya dakatar da duba wata buƙatar gwamna har sai ya amsa tambaya.

Na ƙarshe shi ne tsigewa a ƙarƙashin sashe na 188, kuma suka ko baƙar magana ba sa cikin dalilanta, sai babban laifi a bakin aiki. Matakan a jere suke: kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu bisa uku su amince a bincika, babban alƙalin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, kwamitin ya kawo rahoto cikin wata uku, sannan kashi biyu bisa uku su amince da rahoton. Majalisun da suka yi tsallake sun sha kunya a kotu. An tsige Rashidi Ladoja na Oyo a Janairun 2006 bayan wasu 'yan majalisa sun yi zama a otal a Ibadan, Kotun Ƙoli ta mayar da shi a Disamban shekarar. Peter Obi na Anambra da Joshua Dariye na Filato, su ma kotu ta mayar da su a 2007. Tsigewar Murtala Nyako na Adamawa da aka yi a 2014, kotu ta ce ba ta halatta ba, amma wa'adinsa ya riga ya wuce.

Idan gwamna ya yanke cewa majalisa ba ta da amfani, zai iya rufe ta ko ya yi aiki da 'yan tsirarun da ke goyon bayansa?

Ba shi da wannan ikon, duk da cewa an gwada. A Edo, cikin Yunin 2019, an rantsar da 'yan majalisa tara da daddare daga cikin 24, wasu goma sha huɗu kuma ba su zauna a kujerunsu ba har wa'adin ya ƙare, a zamanin Gwamna Godwin Obaseki. A Ribas, cikin Disamban 2023, an rushe ginin majalisa, Gwamna Siminalayi Fubara ya gabatar da kasafi ga 'yan majalisa huɗu, 27 suna gefe. A ranar 28 ga Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki, ta hana a saki kuɗin jihar sai an yi kasafi ta hannun halastacciyar majalisa. Ranar 18 ga Maris Shugaba Bola Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci ta wata shida, ya dakatar da gwamnan da majalisar baki ɗaya. Kamar yadda aka faɗa a amsar farko, gwamna na iya suka, amma ba shi ya ɗauki 'yan majalisa aiki ba, ba kuma shi zai sallame su ba.

Ɗan majalisarmu ya haƙa rijiyoyin burtsatse, ya raba babura. Wannan ba ya cikin lissafi?

Yana cikin lissafin masu zaɓe, kuma babu amfanin a raina shi, domin wanda ke tafiya mai nisa neman ruwa ya san darajar rijiya. Sai dai gina abu aikin ɓangaren zartarwa ne. Kuɗin ayyukan mazaɓu ta hannun gwamnati yake fitowa, kuma gwamna na iya sakar wa wanda ya bi, ya hana wanda ya yi gardama. Idan aka mayar da rijiya ta zama ma'aunin ɗan majalisa, an ba gwamna igiyar da zai ja shi da ita. Wannan yana haɗe da abin da aka faɗa a amsar da ta shafi kuɗin majalisa.

Ta yaya mutum zai tantance jawabin gwamna da kansa?

A fara da ajiye jawabin kusa da martanin kakaki ko na marasa rinjaye, a ga inda suka yi karo. Sai a nemi jerin dokokin da aka zartar daga ofishin akawun majalisa, a ware waɗanda gwamnati ta kawo. A duba kasafin da aka gabatar da wanda aka amince da shi, yawancin jihohi yanzu suna saka su a shafukansu na intanet tare da rahoton yadda aka kashe kuɗi duk wata uku. A tambaya sau nawa aka yi zaman jin ra'ayin jama'a. Na taɓa neman kwafin bayanan zaman wata majalisa, aka yi ta tura ni daga ofis zuwa ofis, daga ƙarshe wani ma'aikaci ya buɗe kabad ya nuna mini tarin takardun da ba a buga ba, ya ce babu kuɗin tawada. Wannan kaɗai ya gaya mini abin da jawabin gwamnan jihar bai faɗa ba.

Akwai kuma ma'aunin da ya fi sabunta. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar yin doka a kan wutar lantarki, jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, abubuwan da a da na tarayya ne kaɗai. Wasu jihohi, irin su Enugu da Ekiti, sun yi dokar lantarki har sun karɓi ikon kula da kasuwar wutarsu. A tambaya me majalisar jiharka ta yi da wannan sabon iko, ko gwamna ya ambace shi ko bai ambata ba.

Idan na yarda da gwamna cewa wakilinmu ya gaza, me zan iya yi kafin zaɓe?

Akwai kiranye a sashe na 110, amma hanyarsa tana da tsauri. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar ƙorafi, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A lura, rabin masu rajista ake nufi, alhali a zaɓuka da yawa waɗanda ke fitowa jefa ƙuri'a ma ba sa kai rabin. Wani sanannen yunƙuri shi ne wanda aka yi wa Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, a ƙarƙashin irin wannan tanadi na majalisar tarayya. Da aka zo tantancewa a Afrilun 2018, kusan kashi biyar cikin ɗari na masu rajista ne kawai aka tabbatar da sa hannunsu, maganar ta mutu a nan.